A Cire Sunana Daga Buhunan Irin Masara

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da ya sayi kamfanin irin shuka da na yi wa aiki a Kurmin Mashi, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka.

Sunana Hajara, ina zaune a Badarawa. Ba ka san ni ba, ko da yake ka taɓa ganina sau ɗaya, ranar da ka zo daga hedikwata ka tara mu a harabar sito ka ce babu abin da zai canza sai alheri. Shekara ashirin da huɗu na yi a ɗakin gwajin iri, na ajiye aiki mako uku da suka wuce. Sau biyu na rubuta maka ta hannun ofishin reshe, ban sami amsa ba, ban ma san ko takardun sun bar Kaduna ba. Shi ya sa na fito fili. Ba halina ba ne, kuma wallahi na gaji, amma magana ce da ba za ta jira ba.

Na ɗaya. Bari in faɗa maka aikina, don na lura waɗanda ka turo mana ba su taɓa tambaya ba. Kafin a sayar wa manomi iri, sai na ɗebi ƙwaya ɗari daga cikin kayan, na jera su a jiƙaƙƙen ƙyalle, na naɗe, na jira kwana bakwai, sannan na ƙirga waɗanda suka tsira. Idan sun kai yadda doka ta ce, in sa hannu, in buga hatimi mai ɗauke da sunana a takardar da ake ɗinkewa a bakin buhu. Idan ba su kai ba, a sayar da kayan a matsayin abincin kaji. Shi ke nan aikin. Marigayi Alhaji, wanda ya kafa kamfanin, mutum ne mai faɗa da tsumulmula, ba zan yi masa ƙaryar yabo ba don ya rasu. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa in canza abin da na ƙirga ba. Yakan yi tsaki, ya fita yana mita, kayan kuma su tafi wurin masu kaji.

Na biyu. Da 'ya'yansa suka sayar muku da kamfanin, ban yi baƙin ciki ba. Na ɗauka za a gyara mana kwanon sito da muka daɗe muna kuka da shi. Aka ce mu sake neman aikin da muke kai, na cika takarda. Aka kawo na'urar dangwala yatsa, na riƙa barin gida tun ana fitowa daga masallaci don kada ta rubuta mini latti. Aka sallami abokan aikina biyu aka bar ni ni kaɗai a ɗakin gwaji, na yi shiru na ɗauki aikin mutum uku. Duk wannan ban kawo maka ƙararsa ba, na san kowane sabon mai gida da irin tsarinsa. Kwanon dai ba a gyara ba, ruwan ƙarshen damina ya sauka a kan irin masarar da ke kusurwar gabas, ya kwana biyu kafin leburori su janye buhunan.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Da aka fara shirin kasuwar bana, na gwada wannan masara. Ƙwaya arba'in da ɗaya ce ta tsira cikin ɗari. Na ce ko hannuna ne, na sake. Na sake na uku daga wasu buhunan daban. Babu wanda ya kai rabi. Na kai wa manajan reshe sakamakon a rubuce. Yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana na fari, kullum sai ya rusuna ya gaishe ni. Ya karanta takardar, sannan ya ce, "Hajiya, ki taimake ni ki sa hannu. An riga an rubuta kayan nan a lissafin abin da za mu fitar bana. Idan na ce babu su, ni za a kora." Na ce masa, "Ɗana, na ji tausayinka, amma wanda zai shuka wannan ba shi da wata daminar a aljihu. In ya zuba bai fito ba, kafin ya gane lokaci ya wuce." Bai yi mini rashin kunya ba. Bayan kwana huɗu sai ga takarda, wai an mayar da gwajin iri hedikwata, ni kuma an ɗauke ni zuwa teburin karɓar baƙi. Aka kulle ɗakin gwaji, aka karɓi makulli a hannuna. Hatimina yana cikin aljihun tebur, ban yi tunanin ɗauko shi ba. Wannan sakacina ne, na yarda.

Wata biyu na yi a bakin ƙofa ina rubuta sunan mai shiga da mai fita. Dillalan da suka san ni tun ina goyon 'yata ta biyu sukan tsaya su ce, "Hajiya, lafiya kike zaune a nan?" In ce lafiya lau. Ban taɓa sanin zaman banza yana gajiyar da mutum haka ba. Nakan koma gida in kasa ko ɗora tukunya, maigidana ya yi ta tambaya ko jikin ne.

Na huɗu. Wata Laraba da hantsi, wani dillali da ke ɗaukar kaya zuwa ƙauyukan Zamfara, Alhaji Mudi, ya tsaya a teburina bayan an gama yi masa lodi. Ya ce, "Hajiya, mutanena sun ce sun ji kamfani ya canza hannu, suna ɗari-ɗari. Na ce musu muddin sunanki na bakin buhu, su shuka su yi barci." Na tashi na je bayan motar na duba. Masarar kusurwar gabas ce, da lambar kayan na gane ta, an sake mata sabon buhu, ga hatimina raɗau a takardar, ga wani jagwalgwalon sa hannu da ba nawa ba. Na san abin da zai biyo baya idan na yi magana, na kuma san ba zan iya kallon mutumin nan ya ja mota ba. Na faɗa masa gaskiya a gaban leburori. Ya juya ya sa aka sauke masa kayan buhu-buhu.

Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wai na fitar da sirrin kamfani, in ba da amsa cikin kwana ɗaya. Na zauna da biro a hannu har aka kira azahar, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Me zan ce? Shekaruna hamsin da uku, ba ni da sauran ƙarfin zaman kwamiti ana yi mini tambayoyi a kan abin da kowa ya sani. Sai na rubuta takardar ajiye aiki, na ajiye katina a kan tebur, na sa mayafina. Malam Isa, shugaban leburori, Bakatsine da muka fara aiki tare a shekara ɗaya, shi ya raka ni har titi ya tsayar mini da Keke. Ya ce, "Allah Ya isar miki, Hajiya." Iyakar sallamar da aka yi mini ke nan.

Ranka ya daɗe, ban sani ba ko kana da labarin wannan abu ko ɓoye maka aka yi. Na zaɓi in kyautata maka zato. Amma motar Alhaji Mudi ba ita ce ta farko ba. A littafin baƙi da hannuna na rubuta wasu dillalai uku da suka yi lodi a makon, kafin in san abin da suke ɗauka. Biyu na same su a waya. Na ukun lambarsa ba ta shiga, kuma ban san garin da ya nufa ba. Wannan shi ke hana ni sukuni.

Ga abin da nake roƙo. A dakatar da sayar da sauran masarar, a aika a dawo da wadda ta fita. Lambar kayan tana cikin sakamakon da na bai wa manajan reshe, ina kuma da kwafinsa idan an ce ya ɓata. A cire takardar da ke ɗauke da sunana daga kowane buhu, a dawo mini da hatimina ko a fasa shi a gaban shaidu. A janye takardar tuhuma daga fayil ɗina, don ba na son jikokina su tarar da ita. Kada a taɓa Malam Isa da mutanensa, umarnin mai kaya suka bi da suka sauke lodin. Shi ma manajan, kafin a ɗora masa komai, a fara tambayar wanda ya sa shi a gaba har ya ga wannan ce kawai mafita.

Ba na neman a mayar da ni. Ko an ce in dawo ba zan iya ba, zuciyata ta riga ta fita. Ina gida, ina koyon zama da rana a tsakar gidana, abin da ban yi ba tun ina amarya.

Allah Ya yi maka jagora a wannan nauyi da ke kanka, Ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, Ya sa albarka a dukiyarku, Ya tsare ku daga haƙƙin talaka. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, an yi yayyafi a Badarawa har ƙasa ta yi ƙamshi. A ƙauye, duk mai iri a ɗaki ya riga ya ɗauko fartanyarsa. Don Allah a hanzarta.

Wassalam.

Taka mai girmamawa,
Hajara,
Badarawa, Kaduna.