Tattarar Matata Ce Ta Tsaga Jirgin

Anti, don girman Allah ki taimake ni. Tsoro ya hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan ya rufa mini asiri.

Ni mai fenti ne a wata ma'aikata da ke ƙera kwale-kwalen fiba, irin waɗanda ake fito da su a kogi. Wani farin ƙyalle ne na zaren gilas ake shimfiɗawa cikin mazubi mai siffar jirgi, a shafa masa gam mai ƙarfi da muke kira rezin, a bi da rola, a ɗora wani a kai, har ya yi kauri ya bushe. Ni ne na ƙarshe a layi. In goge da samfefa, in yi fenti, jirgi ya fita.

Matata tela ce, kuma hannunta ya faɗa a ɗinki. Tun da muka yi rashin ɗan farinmu ta rufe keke ta daina fita, magana ma sai an ja ta. Da maigidanmu ya ce yana neman wanda ya iya yanka ƙyalle da shimfiɗa shi a mazubi, ni na roƙe shi ya ɗauke ta. Anti, sai ga mutuniyar tawa ta dawo hayyacinta. Tana cin abinci, tana dariya, har tsokanata take yi wai ita ce injiniyar gidan, ni kuwa ɗan shafe-shafe.

Kwanan baya aka dawo da wani jirgi da ya tsage a goshi. Mai fiton ya ce yana tsakiyar ruwa da fasinja ya ga ruwa yana taruwa a ƙafafun mutane, Allah ya sa gaɓa ba nisa. Maigida ya ce dutse ya daka, ya sa ni in kankare fentin wurin a yi faci. Ina kankarewa na ga ba dutse ba ne. A ƙarƙashin fentin, daidai bakin tsagar, ƙyallen a tattare yake, ƙanana-ƙanana, a jere, tsaf. Na san tattarar nan, ita ce a wuyan rigunan 'ya'yana mata.

Abin da ya faru, a goshin jirgi mazubin yakan tsuke ya lanƙwasa, sai ƙyalle ya yi yawa ya ƙi kwanciya. Ba wanda ya koya wa matata yadda ake yi da wurin. Ita kuwa tela, in yadi ya yi yawa tattare shi take yi. To a aikinmu ƙarfin jirgi yana ga zaren da ya kwanta a miƙe. Inda ya yamutse, rezin yakan taru, iska ta maƙale, wurin ya zama kamar ƙashin da bai ɗoru daidai ba, ana ganinsa lafiya sai ranar da aka ɗora masa nauyi.

Ban faɗa wa kowa ba. Akwai sauran jiragen da ta shimfiɗa suna kan ruwa yanzu haka, ɗauke da mata da 'yan makaranta da buhuna. Duk sanda wayar maigida ta yi ƙara sai in dakata da aiki in kasa kunne. Ga wani sabo can a rumfa yana jiran fentina, na haska goshinsa da fitila na ga layukan tattarar nan farare. Na ce wa maigida fenti ya ƙare, amma ƙaryar ba za ta kai ni ko'ina ba.

In na faɗa wa maigida, mutum ne mai zafin kai, a gaban kowa zai kore ta. In ita na faɗa wa, ina tsoron ta koma cikin ɗaki, wannan karon kuma ban san ko za ta sake fitowa ba. Har na yi tunanin in riƙa zuwa da wuri ina gyara sababbin a ɓoye. Anti, ya zan yi?

Daga mai fenti, mijin tela.

*

Ƙanina mai fenti,

Allah ya jiƙan ɗanku, ya saka maka da alheri kan yadda kake tattalin matarka. Na fahimci tsoronka. Wanda ya ga mutum ya taso daga irin wannan kwanciya ba ya son ko ƙuda ya taɓa shi.

Amma bari in gaya maka kai tsaye, maganar nan ta wuce gidanka. Gyara a ɓoye ba zai taɓa jiragen da ke kan ruwa ba, kuma su ne abin tsoron. Na tambayi wani mai irin aikinku, ya ce yamutsewar zare ba ta warkewa da kanta, ƙara buɗewa take yi da jijjiga da lodi. Ya ce akan kankare wurin gaba ɗaya a sake shimfiɗa, a lanƙwasa kuma tsaga ƙyallen ake yi a ɗora gefe kan gefe. Ka ga abin yana gyaruwa, in dai an dawo da jiragen da wuri.

Ka fara da ita, yau, a gida, ku biyu. Ka ɗauko guntun ƙyallen daga wurin da ka kankare ka sa mata a hannu. Mai sana'a ce, za ta gane kafin ka gama bayani. Za ta yi kuka, ka bar ta ta yi, ka zauna kusa. Ka gaya mata gaskiyar da ka gaya mini, cewa an ba ta aiki ba a koya mata ba. Ka kuma sanar da wata 'yar uwarta da take sakin jiki da ita, don kada nauyin ya tsaya a kanka kai kaɗai.

Da safe ku je wurin maigida tare, a keɓe, kafin ma'aikata su taru. Ku nemi a kira masu fiton nan su ajiye jiragen har a duba. Zai yi faɗa, ku jure. Shi ma yana da nasa kason, tunda ya sa sabon hannu a aikin da rayuka ke kai bai tsaya a kansa ba, kuma sunan ma'aikatarsa ne a jikin jiragen. In ya ƙi, ka je wurin masu fiton da ƙafarka, ka kuma sanar da masu kula da sufurin ruwa. Sabon can kuwa, kada ko ɗigon fenti ya taɓa shi.

Ba zan yi maka alkawarin aikinta zai tsira ba. Amma ka tuna wace ce matarka. Uwa ce da ta san zafin rashin ɗa. In ta rasa aiki, za ka iya rarrashinta. In ɗan wata ya nutse a jirgin da ta shimfiɗa, ta kuma gano ka sani ka yi shiru don ita, ba ka da kalmar da za ka rarrashe ta da ita.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata, ya fitar da duk wanda ke kan ruwa lafiya.

Antinku.