Labarin Masuncin Nan Ashe Na Inna Ne

Zuwa ga Yaya Sule a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan Wudil lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, littafin da nake rubuta wa 'yan makaranta ya tsaya. Ran Talata na je Kausani na karanta wa Gwaggo Delu labarin masuncin da kogi ya ɗauke wa ɗa, ina zaton daga kaina ya fito. Ban kai rabi ba ta riƙe hannuna, ta ce, "Kai Garba, tatsuniya da rana tsaka? Ta marigayiya uwarku ce!" Ta ɗora daga inda na tsaya, har da ɗan tarin da Inna take yi. Sai ta ce wai ƙarshen ya ɓace mata.

Na bi littattafan da nake rubuta al'amuran kullum shafi-shafi, babu inda na ambaci na taɓa jin tatsuniyar. Yanzu ko alƙalami na ɗauka muryar Inna nake ji, na kasa sa sunana a bangon littafin. Ƙarshen kuwa ƙagawa na yi, don muna yara barci yakan ɗauke ni tun Inna ba ta kai ƙarshe ba. Kai ne ba ka barci.

Ka gai da mutanen gida, a sa Inna a addu'a. Don Allah ka rubuto mini: yaron ya dawo?

Ƙaninka,
Garba