Kibod Biyu a Tebur Ɗaya

Laraba da safe

Zuwa ga mai aikin yamma a teburin buga takardu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka kwana lafiya, kai da mutanen gidanku. Ni ce mai aikin safe, wadda kake zama a kujerarta in ta tashi. Ba mu taɓa haɗuwa ba, don ni ƙarfe ɗaya motar ma'aikata take kwashe ni, kai kuma an ce sai biyu kake shigowa. Shi ya sa na bar maka wannan takarda a durowa.

Maganar kibod ɗina ce. Yau kwana uku a jere ina zuwa in tarar an cire shi, an naɗe masa waya, an ɗora shi a kan kabad, an shimfiɗa mini wani baƙin abu siriri kamar faranti a gurbinsa. Ɗan nan, ni ba doguwa ba ce. Sai na taka kujera nake sauko da shi, kujerar kuwa mai taya ce. Jiya saura ƙiris ta tafi da ni, mai shara ce ta tare ni. Daga nan kuma in durƙusa ƙarƙashin tebur ina laluben ramin waya, mace mai jikoki uku, masu kawo takardu na tsaye suna kallona.

Shekara goma sha tara nake bugu a kan kibod ɗin nan. Na san haruffansa sun goge, na san yana da ƙara. Ban ce ka so shi ba.

Ka dai ji abin da Manaja ya ce. Ƙarshen wata mutum ɗaya ne zai riƙe teburin nan, wanda shafukansa masu tsabta suka fi yawa. Ɗayan a tura shi sito, can ƙasan bene wurin tsofaffin fayiloli, inda ko taga babu. To ni ba zan je sito ba. Duk minti goman da nake ɓatawa a ƙarƙashin tebur shafi guda ne ya tafi, in kuwa da gangan kake yi, ka sani na gane.

Ka riƙa mayar da abu yadda ka same shi kafin ka tashi, haka aka koya mana aiki. Ka huta lafiya.

Mai aikin safe

Laraba da yamma

Zuwa ga Anti mai aikin safe,

Wa'alaikumussalam. Gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, tare da fatan kin isa gida lafiya. Na karanta takardarki har sau biyu, kuma batun kujerar nan ya tayar mini da hankali. Ki yi haƙuri, ban san tsawonki ba. Daga yau a kan benci zan riƙa ajiye shi.

Amma Anti, a ba ni dama in faɗi nawa. Ni sai ina kallon maɓallai nake bugu, kibod ɗinki kuwa haruffa huɗu kacal suka rage a jikinsa. Ranar farko da aka dawo da ni teburin nan na gwada shi don girmamawa, na yi ta lalube har gumi ya karyo mini. Ga ƙara. Da yamma Manaja yake ganin baƙi, kuma bango ɗaya ya raba mu. Ban cika shafi biyu ba ya aiko sakatariya ta tambaya ko kafinta aka kawo. Da na kife shi na kaɗe kuwa, garin biskit ɗin da ya zubo zai ishi kaza kalaci.

Maganar da gangan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ni ma durƙuson nan nake yi kullum, da wandona mai guga. Ni ma ba na son sito. Watana huɗu da kama aiki, kuma har yanzu maiɗakina tana gaya wa 'yan uwanta cewa mijinta a kan kwamfuta yake aiki, ba na so ta koma tana neman abin cewa.

Shawarata ita ce ki gwada nawa na mako ɗaya. Ba ya ƙara, ba ya buƙatar ƙarfi, hannunki ma zai huta. In bai yi miki ba, sai mu ci gaba da durƙuso mu biyun.

Allah ya ƙara girma. Naki cikin ladabi,

Mai aikin yamma

Alhamis ta mako na biyu

Mai aikin yamma,

Sallama wajibi ce, shi ya sa na yi maka ita. Assalamu alaikum.

Ashe ladabin naka na takarda ne. Ranar Litinin na zo, ba kibod a benci, ba a kabad, ba a ko'ina. Na kira mai gyaran kwamfuta, ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce Manaja ne ya ce a kwashe shi, don an kai ƙara cewa cire-mayar ɗin kullum ya kwance ramin waya. Na ce wa ya kai ƙarar? Ya ce na yamma. Na ce to ina abina? Ya ce an haɗa shi da matattun firintoci an ba masu kwasar ƙarfe tun ranar Asabar.

Na shiga wurin Manaja. Ko kansa bai ɗago daga waya ba, ya ce mini, "Anti, ofis ya ci gaba, ke ma ki ci gaba." Mutumin da ni na buga takardar ɗaukarsa aiki! Na fito cike da takaici, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Yau kwanana huɗu a kan farantinka. Yatsuna santsi suke yi a kansa kamar mai tafiya da jiƙaƙƙen silifa a kan tayil. Ba tudu ba kwari, ban san inda harafi ya ƙare wani ya fara ba, ban ma san ko na danna ko ban danna ba tunda shi bebe ne. Ni da nake yin shafi arba'in kafin in sha shayi na biyu, yanzu da ƙyar nake haɗa ashirin da biyar.

Ka yi mini zagon ƙasa, kuma ka iya. Da fuska biyu kake aiki, ɗaya ta "Allah ya ƙara girma", ɗaya ta kai ƙara. Da hannu na rubuta wannan, don ba zan taɓa abinka ba sai inda aiki ya tilasta mini. Kada ka wahalar da kanka da amsa.

Mai aikin safe

Alhamis da yamma

Anti,

Wa'alaikumussalam, ina gaishe ki duk da kin ce kada in amsa.

Gaskiya ne ni na yi wa mai gyara magana. Wayar tana ficewa ina cikin aiki, na ce ya ɗaure ramin, iyakar abin da na ce ke nan. Shi ya kai wa Manaja, ya ƙara nasa gishirin. Da na ji, na bi masu kwasar ƙarfen har inda suke tara kaya, na tarar sun riga sun farfasa komai. Laifina ne da na buɗe baki a gaban mutumin da ba ya riƙe magana, kuma na roƙi gafararki. Amma ni ba munafuki ba ne.

Akwai abin da na yi kwana uku ina juyawa ko in faɗa ko in yi shiru. Kin san ni nake fitar da aikin safe da na yamma a firinta in kai wa sakatariya. Tun Litinin, a kusan kowane shafinki, hannunki na dama yana gocewa da maɓalli ɗaya, sai ki yi layi uku ko huɗu a haka, babu kalma ɗaya da za a iya karantawa, sannan ya koma daidai. Wannan yana iya samun duk mai bugu ba tare da kallo ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kin bar su a haka kin wuce, alhali suna gabanki a fuskar kwamfuta. Rubutunki na hannu ma manya-manya ne, yana hawa yana sauka daga layi.

Anti, ina jin ba kya ganin abin da ke kan kwamfutar nan.

Ban kai shafi ɗaya a haka ba. Ina ɗauko takardun asali daga tire in gyara kafin in fara nawa. Ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina.

Allah ya ba da lafiya. Naki,

Mai aikin yamma

Litinin

Ɗan nan,

Na amsa gaisuwarka. Wa ya aike ka?

Ranar Juma'a na rufe ƙofa, na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu da nake ɓoyewa a jaka, na manna fuskata a kwamfuta, na ga abin da ka ce. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta a ofishin nan ba. Wato kwana uku kana karanta shirmena, kana gyarawa, ni kuma ina zaginka a takarda. Ka bar ni ina ta tsalle a gabanka kamar wadda ba ta san zaninta ya yage ba. Wannan ba tausayi ba ne, cin fuska ne.

Tunda ka tono, to ka ji. Yanar ido ce ta rufe mini na hagu, ta fara taɓa na dama. Takardun hannu ina karanta su a bakin taga da gilashina, shi ya sa na nace sai aikin safe. Kwamfuta kuwa farin hazo nake gani. Ban damu ba, don a tsohon kibod yatsuna sun haƙa wa kansu gurbi a kowane maɓalli, in na aza hannu na san ina nake, kunnena kuma yana gaya mini na danna. Shekara biyu ina haka ba a taɓa dawo mini da shafi ba. Likita ya ce nan da wata biyu za a yi mini aiki. Wata biyu kawai nake nema in riƙe teburina, ba wanda ya sani, in dawo da idona. A sito kuwa, cikin duhun nan da ƙananan lambobi a jikin fayil, kwana ɗaya ya isa kowa ya gane, daga nan sai a ce Anti ta je gida ta huta.

Duk da haka ka daina taɓa mini shafuka. Na tambayi sakatariya, ta ce naka ma sun ragu, na san inda lokacinka yake tafiya. Ban roƙe ka ba, kuma ba na karɓar sadaka daga sa'an ɗana na biyu. Ka kai su yadda na buga su. Na gaya maka.

Mai aikin safe

Alhamis, ƙarshen wata

Anti,

Ina gaishe ki, da fatan idon da sauƙi.

Ban daina ba, kin kuma sani. In kai wa sakatariya shafin da na san an yi shi da ciwo don in ci tebur da shi, ban iya ba. Ki kira shi cin fuska in kin ga dama, dama kin kira ni mai fuska biyu kuma har yau ban ji kin janye ba.

Sakatariya ta kafe sakamako ɗazu. Kin fi ni da shafi talatin da ɗaya. Ranar Litinin zan sauka sito. Na leƙa shi, ya fi yadda ake faɗa muni, amma ni idona biyu lafiya suke, kuma zan san abin da zan gaya wa maiɗakina.

Na bar miki kibod ɗina. Na ɗiga gam a kan maɓallai biyun da yatsunki manuna suke zama, ya bushe ya yi tudu, in kin shafa za ki san hannunki bai goce ba. Don Allah kada ki je wurin Manaja. Ki riƙe wata biyunki.

Naki,

Mai aikin yamma

Juma'a

Ɗana,

Assalamu alaikum. Na je wurin Manaja.

Na gaya masa shafukan da aka ƙirga mini rabinsu da yatsunka aka tsabtace su, na kuma gaya masa maganar idona. Wannan karon ya ajiye wayar, amma abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai takardar da ta fita waje da kuskure. Shekara goma sha tara, iyakar tambayarsa ke nan. Ya ce in tafi hutun jinya daga yau, in na dawo a ga inda za a sa ni. Ni da kai mun san inda yake nufi.

Tebur naka ne daga Litinin. Kada ka zo kana yi mini godiya ko faɗa, ba don kai na yi ba. Ban taɓa zama a kujerar da ban ci da hannuna ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Na janye maganar fuska biyu. Ka gaida maiɗakinka.

Wannan takardar a kan kibod ɗinka na buga ta, ni na fitar da ita da kaina, ban ba kowa ya duba ba. In ka ga kuskure, ka bar mini abina.

Antinka