Inda Yaya Zakka Yake Kwance

Sabon Gari, Kano
12 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da Baba da duk mutanen Wusasa kuna lafiya. Yaya gwiwarki da wannan damina? Mu nan lafiya lau, maigidana Malam Nehemiya yana gaishe ku.

Inna, ki sami wuri ki zauna kafin a karanta miki sauran. Na sami labarin Yaya Zakka.

Shekara uku ke nan da tarzomar da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari, ranar da ya hau kekensa daga gidana bai isa masaukinsa ba. Kin san mun duba asibiti, mun je wajen 'yan sanda, ba wanda ya ce ya gan shi. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne tunanin da yake cina. Yana sanye da riga da hula, 'yan Sabon Gari ba za su ɗauke shi nasu ba. Ga shi Kirista, in 'yan Fagge sun gane, su ma haka. Kullum sai in riƙa ganinsa yashe a bakin kwata, ba mai ko rufe masa ido.

Ranar Talata aka kawo wata mai suna Gumsu daga Rijiyar Lemo zuwa ɗakin haihuwar da nake aiki, naƙuda ta yi mata tsawo. Allah ya sauke ta lafiya, ta sami mace. Uwar mijinta, wata dattijuwa Babarbariya da ake kira Ya Fanta, sai kallona take yi har na tsargu. Can ta tambaye ni ko ina da ɗan'uwa mai irin wushiryata, mai tabo a girar hagu. Inna, kwanon da ke hannuna sai da ya faɗi.

Ta ce ranar Lahadin nan ta tarzoma da la'asar mijinta, Malam Hambali mai ɗinkin hula, ya tsinci wani saurayi a ƙofar zaurensu da sara a kafaɗa da ciki. Ba su san wanda ya sare shi ba, shi ma bai faɗa ba. Hanyar asibiti ba ta biyuwa, sai suka shigar da shi ciki, suka ɗaure raunin da zanenta. Ya kai har hantsin Litinin. Da suka tambayi sunansa, Zakari suka ji ya ce.

Ya rasu, Inna. Wannan mun daɗe da sani a ranmu. Amma a kan tabarma ya rasu, cikin ɗaki, da mutane a kansa. Tun ranar Talata nake kuka, sai dai kukan ba irin na da ba ne. Jiya har na ci tuwo na ƙara.

Ranar Asabar za mu je gidan. Zan rubuto miki duk abin da na gani.

'Yarki mai ƙaunarki,
Liya


Sabon Gari, Kano
16 ga Yuli, 1956

Innata,

Ina sake gaishe ki, ke da Baba, da fatan wasiƙata ta farko ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Mun je. Malam Hambali tsoho ne siriri, ba ya son yawan magana. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙunshi a tsumma, ya miƙa wa maigidana. Littafin addu'ar nan ne da Baba ya ba Yaya, da rubutun Baba a ciki: Zakka, Kirsimeti 1948. Ya ce wajen yi masa wanka ya same shi a aljihu, da ya ga gicciye a bangon littafin ya gane Kirista ne. A lokacin gari na tafasa, sai ya ɓoye littafin, ya ce wa maƙwabta baƙonsa ne. Ya yanka likkafani daga farin yadin da ya ajiye wa kansa, mutum bakwai suka raka shi. Shi ba ya karanta boko, kuma tsoro ya hana shi nuna wa kowa littafin, shi ya sa bai neme mu ba.

Sai ya sunkuyar da kai ya ce mu yafe masa, ya binne mana ɗa ba bisa hanyarmu ba, don ita kaɗai ya iya. Maigidana ya kama hannunsa.

Mata ba sa shiga maƙabartarsu, don haka na tsaya daga bakin shinge. Ina hango su suka tsaya kusa da wata bishiyar aduwa. Malam Hambali ya sa fasasshen tulu ya yi wa wurin alama, duk damina kuma yana zuwa ya cire ciyawa. Maigidana ya yi addu'a irin tamu, Malam Hambali yana gefe da hannuwa a buɗe. Wani a cocinmu ya kawo shawarar a tone shi a maido shi cikin namu. Ni dai na ce a bar shi, amma ke da Baba ke da magana ta ƙarshe.

Akwai saƙon da Ya Fanta ta ba ni. Sai da za mu tafi ta ja ni bayan rumbu ta faɗa mini. Ta ce gab da zai cika, yana riƙe da hannunta, ya kira Inna har sau biyu. Ta duba ba kowa sai ita. “Sai na ce masa na'am, ga ni,” in ji ta. Daga nan ya yi shiru, jikinsa ya saki. Ta ce shekara uku abin yana damunta, ta amsa kiran da ba nata ba, tana so ki yafe mata.

Na ce mata wannan amsa ba daga bakina za ta fito ba. In gwiwarki ta yarda, ki hawo jirgin ƙasa na ranar Juma'a, za mu tarye ki a tasha. Gidansu ba nisa.

Ki gaida Baba da Gwaggo Sarah. Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Taki har kullum,
Liya