Jan Haske a Tankin Masallaci

Litinin, 8 ga Maris, 2004
Na karantar da 'yan aji shida yadda lesa mai tsananin ƙarfi, wato na'ura mai harba siririn haske, yake fizge elektoron, 'yan ƙwayoyin lantarki, daga ƙwayar ruwa. Atom ɗin da aka bari, wato 'yan ɓangarorin ƙwayar, duk cajinsu iri ɗaya, sai su ture juna, ƙwayar ta tarwatse. Na haska musu ɗan lesan jikin makullina a allo don su ga kalarsa kawai. Yau dai ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Laraba, 10 ga Maris
Ɗalibaina sun sayo irin nawa, sun haska cikin tankin masallacin unguwa, suna ihu wai sun fasa ruwa. Liman Maharazu ya sa an hana alwala da shi sai an bincika. Cikin wannan zafin na Kibiya! Ruwan da aka ɗebo a kura tun daga rafi.

Alhamis, 11 ga Maris
Shugaban makaranta ya ce in zauna gida. Iyaye sun kai ƙara wai ina koyar da lalata ruwan tsarki. Ni! Idan kwamitin bincike bai wanke ni ranar Talata ba, aikin ya tafi. Har na iso Rano a kan babur ina zagi ni kaɗai.

Lahadi, 14 ga Maris
Lesan nan fa abin wasa ne da ko tururuwa ba ya ƙonawa. Na gaske sai a ɗakin bincike na Turai, ni kaina a littafi na gan shi. Wa zai saurare ni? Wallahi na gama gaisuwa da Liman.

Talata, 16 ga Maris
Kwamiti a bakin tanki, rabin unguwa a tsaye. Na yi bayani har muryata ta dishe, Liman bai ko gyaɗa kai ba. Sai cewa ya yi, "Malam, in na gasken ne, me zai rage a wurin?" Na ce iska, Allah gafarta Malam, ba ruwa kuma. Ya ce, "To haska naka." Na haska cikin haushi. Ya ɗebo a buta, ya duba, ya sansana, ya kurɓa. Ya naɗe hannun riga ya yi alwala a gaban kowa.
Kwana shida! Me ya hana shi yin haka tun Laraba?

Juma'a, 19 ga Maris
Na koma aji. Liman ya tare ni a ƙofar makaranta, wai elektoron ɗin da aka fizge, ina suke zuwa? Ya ce abin ya hana shi sakat. Ban so amsawa ba. Na tsinci kaina a tsugune ina zana masa a ƙasa da tsinke, har aka kira salla.
Ban huce ba. Butarsa dai ce ta fi kusa, ita na ɗauka na yi alwala.