Ba Zan Bari A Matse Muryar Mamana Ba

Malam Zakariyya, don Allah ka taimake ni, duk gidanmu an juya mini baya a kan kwali guda.

Babanmu, Malam Ishaku, ɗan Kudancin Kaduna ne, ya shekara talatin a Gyaɗi-Gyaɗi yana koyar da mawaƙan cocinmu, kuma duk waƙar da aka rera sai ya ɗauka a kaset. Bara ya rasu, ya bar kaset sama da ɗari cikin wani kwali. Mama Naomi ta riga shi da shekara tara. A Zumuntar Mata layin baya take zama tana buga tulu, muryarta siririya, kuma duk duniya ba inda ta rage sai cikin kwalin nan.

Yayana Timothy ya kwashi goma ya kai wa Rabi'u, mai tura waƙa a waya a Tarauni. Ya mayar da su MP3, ya matse su don su wuce a WhatsApp, wai har ya wanke musu ƙarar kaset. Dangi sai yabo suke. Ni da na sa a kunne, sai na nemi Mama na rasa. Tulun ya koma kamar bokitin roba, muryarta kuwa an wanke ta tare da ƙarar. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na bincika na ji akwai WAV da FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai. Da na faɗa, Timothy ya ce iyayi ne, wai kunnena na musamman ne. Ƙarshen wata za mu tashi daga gidan, ya ce a ƙarasa wajen Rabi'u, kwali ya tafi bola. To, kwalin yana ƙarƙashin gadona, ɗakin a kulle, makulli a jakata. Ko gaisuwa za su daina, ba zan bayar ba. Tsakanin WAV da FLAC, wanne zan zaɓa? Kuma na Rabi'u in an mayar da su FLAC, Mama za ta dawo?

Mai Taurin Kai, Gyaɗi-Gyaɗi.

Ƙanwata, Allah ya ba ku haƙuri. Kunnenki lafiya lau, ki riƙe makullinki.

Amma yayanki ma ba mugunta yake ba. So yake gwaggonninku na ƙauye su ji a ƙaramar waya, kuma MP3 ce za ta yi musu hakan. Kuskurensa ɗaya, ya ɗauki abin rabawa a matsayin abin ajiya.

Ki zaɓi FLAC. Ingancinsa ɗaya da WAV, wurin da yake ci bai kai nasa ba, kuma za ki iya rubuta sunan waƙa da shekara a jikinsa. Mayar da MP3 zuwa FLAC kuwa aikin banza ne, abin da aka zubar ya tafi. Ki karɓo kaset goman nan a sake ɗauka daga tushe.

Ki nemi mai na'urar kaset mai kyau, ki tsaya a kansa, ki ce kada ya wanke komai. Ki ajiye kwafi biyu a gidaje daban. Daga FLAC ɗin a ciro MP3 a ba Timothy ya raba, nasa ya biya, naki ya biya. Kaset kuma ba a zubarwa.

Sai dai ki sani, kulle ɗaki ba ya hana kaset lalacewa, zafin Kano yana cin sa a hankali. Ki fara cikin makon nan. Kuma ranar da aka gama na farko, ki kira yayanki ki sa masa a kunne, kada ki ce komai. Shi ma uwarsa ce.

Allah ya haɗa kanku.