Ranar da Alcide Ya Rufe Gida

Van Buren, Maine
4 ga Disamba

Ƙanena Armand,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Doris da jikoki. Yaya ƙafar taka? Da kunnenka yana ji, da waya zan buga na huta, amma tunda masana'antar Bristol ta cinye shi, sai ka yi haƙuri da rubutuna mai kama da sawun kaza.

Injin ɗumin gidanmu ya mutu. Ka tuna shi, wanda aka kafa rabinsa a bangon falo, rabinsa kuma a bayan gida da ƙatuwar fanka, wai yana zuƙo ɗumi daga iskar waje ya turo mana ciki. Da ka zo bikin Ista har dariya ka yi, ka ce ina ɗumi yake a iskar Van Buren. To shekara huɗu ya yi yana ƙaryata ka. Ranar Lahadi na tashi na ji gidan shiru, tagogi sun yi ƙanƙara ta ciki.

Ba mu da murhun itace, ka sani. 'Yata Ghislaine ce ta sa aka cire shi tun ranar da babanta Alcide ya zuba takalmansa a ciki a maimakon itace. Ban ga laifinta ba, ciwon mantuwa da wuta ba sa zama gida ɗaya. Amma yanzu ni da Alcide mun tattare a kicin da ƙananan hita biyu na lantarki, na ja masa gado kusa da tebur. Tsugune ba ta ƙare ba.

Gilman Cyr, wanda ya kafa injin, ya zo ya duba. Ya ce kwamfireso ne ya ƙone, wato zuciyar injin ke nan. Akwai garantin shekara goma sha biyu, in kamfani ya yarda zai aiko da sabo kyauta, ladan aiki kawai zan biya. In bai yarda ba, gyaran ya kusa kuɗin sabon inji, kuma ni da kai mun san abin da fanshon mai saran itace yake iya ɗauka. Amma ba za su ce komai ba sai Gilman ya aika musu hotunan injin, shi kuwa bai ɗauka ba tukuna.

Ban gaya wa Ghislaine ba, kai ma ka kama bakinka. Tun Alcide yana cikin hankalinsa ya sa hannu ya ba ta ikon yanke shawara a kan lafiyarsa, kuma ta gaya mini ido da ido: ranar da gidan nan ya kasa riƙe shi cikin ɗumi, ko ya fita shi kaɗai, ranar za ta kai shi gidan tsofaffi na Madawaska. 'Yar da na haifa ce, na san ba ta magana biyu. Ni kuwa a wannan gidan yake gane ni. In aka fitar da shi, ina tsoron ni ma na ɓace masa.

Ka gaida Doris. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka,
Rejeanne

Bristol, Connecticut
9 ga Disamba

Yaya Rejeanne,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, mun karanta ni da Doris, hankalinmu ya tashi ƙwarai. Ƙafa da sauƙi. Allah ya ba Alcide lafiya.

Yaya, ki gafarce ni, amma rayuwata duka a gaban injuna na yi ta. Inji ɗan shekara huɗu ba ya ƙonewa don ya ga dama. Kuma Gilman ya zo har gida da wayarsa a aljihu, me ya hana shi ɗaukar hoton a ranar? Tun muna yara, in kika fasa kwano sai ki yi ta ba da labarin yadda kwanon yake da kyau. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga kwanon, ban ga wanda ya fasa ba.

Na sa ɗan abin da ya samu a cikin ambulan, ki biya kuɗin wuta da shi, waɗannan hita ɗin cin lantarki gare su kamar gara. Kada ki bar su kusa da bargo. Ɗakin da Doris take ɗinki a ciki yana nan, in kin yarda ku zo ku yi sanyin nan a wurinmu. Na san amsarki, amma dai na faɗa.

Ki gaya mini gaskiya, in san ta inda zan taimaka.

Ƙanenki mai biyayya,
Armand

Van Buren
14 ga Disamba

Armand,

Ina gaisuwa. Kuɗi sun iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Ba za mu zo ba. Mutumin da ke ɓata tsakanin kicin da banɗaki ba a ɗora shi a mota a kai shi wata jiha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tunda kurma ya fi mai ji bin diddigi, ga abin da ya faru. Tsakiyar Nuwamba na je garin Caribou ganin likitan ido, na bar Alcide da maƙwabciyarmu Noella. Barci ya ɗauke ta a kujera. Da na dawo sai na tarar an rufe gida. Ka tuna yadda Baba ke sa mu jawo rassan bishiyar fir kowace kaka mu jera a gindin bango, dusar ƙanƙara ta hau kansu ta toshe iska? Haka Alcide ya yi, shi kaɗai, da ƙaramin zartonsa. Rassan a jere kamar an tsefe su, kowane ganye yana kallon ƙasa. Yana tsaye a ƙofa, hannunsa duk ƙaron itace, ya ce, "Rejeanne, na rufe miki gida, sanyi ba zai same ki ba bana."

Armand, rabon da ya kira sunana tun bazara. Na shiga ciki na yi kuka, na soya masa wainar ployes, ya ci shida. Ban zagaya bayan gida ba. Da yamma dusar ƙanƙara ta sauko ta binne komai.

Gilman ne ya tono injin daga ƙarƙashin ƙanƙarar. Ashe Alcide ya naɗe shi da tamfol, ya ɗaure da igiya irin ɗaurin da yake yi wa kaya a daji, ya tara rassa a kai. A wurinsa duk abin da ke waje yana da daraja rufe shi ake yi, haka ya yi wa tarakta da rijiya tsawon rayuwarsa. Shi kuwa wannan injin numfashi yake so. Sati biyu yana fama a shaƙe har ya mutu, ni ina ciki ina mamakin me ya sa yake nishi.

Gilman ya daɗe a tsugune yana kallon ƙullin igiyar. Babansa ya yi aikin daji da Alcide. Ya ce garantin ba ya biyan injin da aka toshe wa iska, a rubuce yake, kuma in hoto ya nuna tamfol zance ya ƙare. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Inna, na manta wayata a shago. Sai Litinin ɗin kafin Kirsimeti zan dawo da ita. Abin da na tarar ranar shi zan ɗauka." Ina ganin wayar a aljihun rigarsa.

Ka ga inda nake. Ban taɓa cin kwabon da ba nawa ba, kuma wannan aikin shi ne na ƙarshe da hannun mijina ya yi da kyau. Kullum da safe sai ya leƙa ta tagar kicin ya kalli tulin nan ya gyaɗa kai. Ka ce wani abu.

Yayarka,
Rejeanne

Bristol
17 ga Disamba

Yaya Rejeanne,

Gaisuwa da fatan alheri. Na aiko wannan da gaggawa don ta riga Litinin isa.

Ki kwance tamfol ɗin. Ki kwashe rassan, ki share wurin tas, kada ki bar ko guntun igiya. Kamfanin nan ba zai ji a jikinsa ba, ke kuwa gidanki ne da mijinki. In zunubi ne ki raba shi biyu ki ba ni rabi, ni zan kai nawa rabin wurin Fada a coci. Batun Alcide kuma kada ki damu, ai amfanin mantuwa ke nan. Kafin ki gama naɗe tamfol ɗin ya manta ya taɓa ɗaura shi.

Allah ya rufa asiri.

Ƙanenki,
Armand

Bangor
29 ga Disamba

Kawu Armand,

Ina gaisuwa, a gaida Anti Doris. Ba ni da lokaci, daga asibiti nake rubutu. Mama ta ce ba za ta iya rubuto maka ba.

Ranar Lahadi kafin Kirsimeti Mama ta kwance tamfol ɗin. Litinin Gilman ya ɗauki hotunansa. Talata da safe tana wanka, Baba ya leƙa taga ya ga injin a buɗe. Ya fita da rigar barci da silifas, ba safar hannu. Ya nemo tamfol ɗin a rumfa inda ta ɓoye shi. Noella ce ta hango shi a durƙushe cikin ƙanƙara yana ƙoƙarin ƙulla igiya, yatsun sun ƙi. Da ta kama shi cewa yake wani ɓarawo ya tsiraita gidan matarsa.

An yanke masa yatsu biyu a hannun dama, sanyi ya kashe su. Huhunsa ma ya kamu, amma yana samun sauƙi. Daga nan Madawaska za shi, na riga na sa hannu.

Na ga wasiƙarka a kan teburin kicin. Kawu, sati uku iyayena suna kwana a kicin cikin riguna uku-uku, ku biyu kuna ta rubuce-rubuce, ba wanda ya ɗaga waya ya kira ni. Da na sani da na biya gyaran, ko bashi ne na ci. Kun mai da ni dodo. Ka ce zai manta. Sunana ya manta, ya manta shekarun da ya yi yana goya ni, amma bai manta da tamfol ba.

Kada ka rubuto mini yanzu.

Ghislaine

Van Buren
2 ga Fabrairu

Ƙanena Armand,

Ina gaisuwa. Wasiƙunka uku sun iso. Ka daina zargin kanka, ba kai ka kwance igiyar ba.

Kamfani ya yarda. Gilman ya sa sabon kwamfireso, ya ƙi karɓar ladan aiki, bai kuma iya kallon idona ba. Ya ce injin zai kai shekara goma sha biyar in ana wanke shi, garanti ma saura takwas. Gidan ya yi ɗumi har ɗakin sama. Ni a kicin nake kwana har yanzu.

Ina zuwa Madawaska ranar Laraba da Lahadi. Yana kirana "baiwar Allah". Tambayarsa ɗaya ce kullum, ko an rufe gida, don matarsa ba ta jure sanyi. Ina ce masa an rufe. Sai ya ce in gaishe ta.

Ka gaida Doris.

Yayarka,
Rejeanne